Ilhan Omar da Don Samuels: me ya canja tsakanin 2022 da 2024?

Baban Sadiq, Minneapolis:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun daren Talata, 13 ga Agusta, 2024, saƙonni ke shigo mini daga gida ana taya ni murna, wai Ilhan Omar ta ci zaɓe, Musulunci ya yi nasara a kan masu kuɗin Isra'ila. Na gode da murnar, domin ni ma ita na jefa wa ƙuri'a. Amma yadda labarin ke yawo a wajenmu ya bar abubuwa da yawa a baya, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna.

Da farko dai wannan zaɓen fid da gwani ne na jam'iyyar Dimokurat na kujerar majalisar wakilan Amurka a mazaɓa ta 5 ta jihar Minnesota, babban zaɓe sai Nuwamba. Ta samu kashi 56 cikin ɗari, abokin karawarta Don Samuels ya samu kusan 43, tazarar ƙuri'u wajen 16,000. To amma wannan mutumin dai shi ne ya kusa raba ta da kujerar a 2022, lokacin da ta sha da ƙyar da ƙuri'u 2,466 kacal. A wancan karon babu yaƙin Gaza. Abin da ya kusa kayar da ita magana ce ta cikin unguwa, wato 'yan sanda da tsaro. Ni a ganina wanda bai fahimci 2022 ba, ba zai fahimci abin da ya faru ranar Talata ba.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Kafin a yi nisa ka cire mini wani duhu. Idan fid da gwani ne kawai, me ya sa ake ta shewa kamar an gama? Kuma kai da ka ce ka jefa ƙuri'a, daliget ne kai?

Baban Sadiq, Minneapolis:
A'a ɗan'uwa, ni ba daliget ba ne, ko katin jam'iyya ba ni da shi. A Minnesota duk ɗan ƙasa da ya isa zaɓe yana iya zuwa rumfa ranar fid da gwani. Za a ba ka takarda, ka zaɓi ɓangaren jam'iyya ɗaya ka dangwala a ciki, sharaɗin dai kada ka haɗa jam'iyya biyu. Hukumar zaɓe ce ke gudanar da shi, ba shugabannin jam'iyya ba. Daliget suna nan, amma aikinsu su taru su ce ga wanda jam'iyya ta sa wa albarka. A watan Mayu sun ba Ilhan, sai dai wannan bai hana Samuels tsayawa ba, kuma da ya fi ta ƙuri'a ranar Talata da tikiti nasa ne.

Dalilin shewar kuwa, tun 1963 kujerar nan ba ta bar hannun Dimokurat ba. Donald Fraser ya riƙe, Martin Sabo ya gaje shi, sai Keith Ellison daga 2007, sannan ita daga 2019. Duk wanda ya ci fid da gwani a nan, kusan a ce ya riga ya shiga majalisa.

Maman Nana, Kaduna:
Allah ya saka da alheri Baban Sadiq. Ni dai tun 2018 nake bin labarin yarinyar nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina ƙaunarta. An haife ta a Mogadishu a 1982, yaƙin basasa ya kore su, ta yi shekara huɗu a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ta shiga Amurka a 1995. Yau ga ta cikin mutum 435 da ke majalisar wakilai, da ɗankwalinta a kai. Sai da aka sauya wata ƙa'idar majalisar da ta hana rufe kai tun 1837 kafin ta zauna. Ina koyar da 'yan mata a makarantar sakandare, kuma na sha kawo musu labarinta idan na ga sun fara karaya. Don haka idan ka ce akwai abin da ba mu gani ba, to ka faɗa mana dalla-dalla, kada ka rage.

Baban Sadiq, Minneapolis:
To Hajiya, ranki ya daɗe. Tarihin zaɓukanta shi ne zai nuna miki.

A 2016 ta fara, da majalisar jiha. Ta kayar da Phyllis Kahn, matar da ta shekara 44 a kan kujera, a mazaɓar da ta haɗa Cedar-Riverside, unguwar da Somaliyawa suka fi yawa, da jami'ar Minnesota. Ɗalibai da matasa su ne suka yi mata wannan aiki, gida-gida suka riƙa bi. A 2018 Ellison ya bar kujerar tarayya ya nemi babban lauyan jiha, ta shiga takara ta samu wajen kashi 48, Margaret Anderson Kelliher, tsohuwar kakakin majalisar jiha, ta zo ta biyu. A Nuwamba ta samu kashi 78. A 2020 wani lauya mai suna Antone Melton-Meaux ya fito da miliyoyin daloli, duk da haka ta ba shi tazarar kusan maki 20, ta samu ƙuri'u sama da 100,000.

Yanzu ki riƙe wannan adadi. A 2022 ƙuri'unta sun faɗo zuwa ƙasa da 58,000. Samuels bai ma kai yawan ƙuri'un da Melton-Meaux ya samu ba, amma ya kusa cin zaɓe, domin mutanenta sun zauna a gida. Ta raina karawar. Ko talla ba ta sa a talabijin ba a wancan karon. Ni kaina a 2022 babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sunanta, amma mutanen Samuels sun zo. Bana kuwa sau uku aka zo gidana, ban da kiran waya da saƙonni.

Ƙaramin Lauya:
Baba, ina da ja a nan. Zaman gida kaɗai ba zai bayyana komai ba. Akwai alamar da ta bayyana tun Nuwamban 2020: Joe Biden ya samu wajen kashi 80 a wannan mazaɓa, ita kuma ta samu 64 a rana ɗaya, a takarda ɗaya. Ma'ana dubban mutane sun dangwala wa Biden suka tsallake ta. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai 'yan jam'iyyarta da ba sa son ta tun kafin Samuels ya fito, shi dai ya zo ya tattara su ne.

Baban Sadiq, Minneapolis:
Gaskiyarka ɗana, kuma ga abin da ya tattara su da shi. Ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, ranar 25 ga Mayu, 2020, a mahaɗar titi na 38 da titin Chicago, a cikin mazaɓarta. Wanda bai zauna garin nan a wannan makon ba ba zai gane irin zafin da mutane suka ji ba. Na ga hayaƙi daga tagar ɗakina. Ilhan tana cikin waɗanda suka ce rundunar 'yan sandan Minneapolis ta lalace har ba ta gyaruwa, a rushe a sake gini. A Nuwamban 2021 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan a maye gurbin rundunar da wata sabuwar ma'aikatar tsaron jama'a, a kuma cire ƙa'idar da ta tilasta wa gari ya riƙe wani adadi na 'yan sanda. Ta goyi baya. Kashi 56 na masu zaɓe suka ce a'a.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda a'ar ta fito. Arewacin Minneapolis, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, inda kuma harbe-harbe suka fi tsanani a 2020 da 2021, su ma sun ƙi. Mutanen da suka fi kowa shan wuya a hannun ɗan sanda su ne suka ce a gyara shi amma kada a rage shi, domin idan aka kira da tsakar dare suna son a zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Samuels kuwa a wannan yankin yake zaune shekara da shekaru. Haifaffen Jamaika ne, ya yi aikin zanen kayan wasan yara, ya zama kansila daga 2003 har wajen shekara goma sha ɗaya, ya nemi magajin gari a 2013 bai samu ba, daga baya ya shiga hukumar makarantu. Yana cikin mutum takwas da suka kai gari kotu suna cewa an bar 'yan sanda sun ragu ƙasa da abin da dokar gari ta tanada. A 2022 kotun ƙolin jiha ta ce lallai wajibi ne magajin gari ya riƙe aƙalla 731. Da wannan ya shiga takara, magajin gari Jacob Frey kuma ya mara masa baya.

'Yar Zango, Bronx:
Yaya Baban Sadiq, ina jin ka, amma kada ka rage wa kuɗi ƙarfi. Mu nan mun gani da idonmu. A 2024 Jamaal Bowman ne ke wakiltar wani yanki na arewacin Bronx da Westchester a majalisar wakilai. A watan Yuni ƙungiyar AIPAC mai goyon bayan Isra'ila, ta hannun asusunta na kamfe, ta zuba sama da dala miliyan 14 don a kayar da shi, George Latimer ya cinye. Ka kunna talabijin talla, ka buɗe akwatin wasiƙa takarda, ka shiga YouTube talla. Mako guda kafin naku zaɓen aka yi wa 'yar majalisa Cori Bush haka a St. Louis da sama da miliyan 8, Wesley Bell ya kayar da ita. Su biyun da Ilhan duk sun nemi a tsagaita wuta a Gaza tun farko. Yaya za a ce Gaza ba ta cikin lissafi?

Baban Sadiq, Minneapolis:
Ƙanwata, ban ce ba ta ciki ba. Tambayar ita ce me ya sa irin wannan kuɗi bai zo nan ba bana. Masu kuɗin nan ba sa zuba shi inda ba su ga alamar nasara ba. Sun duba sun ga ta shirya. Ta tara sama da dala miliyan 6, Samuels bai kai miliyan 2 ba. Ta samu albarkar jam'iyya da wuri, ta kawo Sanata Bernie Sanders ya yi mata gangami, Ellison yana tare da ita. Faɗuwar Bowman ma ta ƙara zaburar da mutanenta, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ka shafa wa naka ruwa.

Sannan a wannan jihar Gaza ba ta yi mata illa kamar yadda ake zato ba. A watan Maris, a fid da gwanin shugaban ƙasa, kusan kashi 19 na 'yan Dimokurat a Minnesota sun ƙi zaɓen Biden, suka dangwala gurbin da ke nuna ba su tsayar da kowa ba, don nuna fushi a kan yaƙin. Da yawansu a Minneapolis suke.

'Yar Zango, Bronx:
Na yarda da wannan. Kuma in za a faɗi gaskiya, tallan da aka yi a kan Bowman yawancinsu ba su ambaci Isra'ila ba. Abin da suka riƙa maimaitawa shi ne ya ƙi zaɓen dokar gina hanyoyi da gadoji ta Biden.

Ƙaramin Lauya:
Anti, wannan ƙuri'ar ita ma Ilhan ta jefa ta. Nuwamba 2021, ƙudurin dala tiriliyan 1.2, 'yan Dimokurat shida suka ce a'a, tana ciki. Hujjarsu ita ce an yi alkawari za a tafi da shi tare da ɗaya babban ƙudurin na kula da yara da lafiya da sauyin yanayi, idan aka raba su na biyun zai mutu a majalisar dattawa. Haka kuwa aka yi, Sanata Joe Manchin ya janye a watan Disamba. To ta yi hasashe daidai. Amma mai zaɓe a Minneapolis, garin da gadar babbar hanya ta rufta cikin kogin Mississippi a 2007 ta kashe mutum 13, idan aka ce masa wakiliyarka ta ƙi kuɗin gada, ba zai tsaya sauraron dogon bayani ba. Samuels ya yi amfani da wannan sosai a karo biyun.

Malam na Tudun Wada:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma akwai abin da ake ta kewayewa. Ana kiran wannan nasarar Musulunci, to mu duba matsayinta. Tana goyon bayan auren jinsi, ta zaɓi dokar da ta kare shi a 2022. A watan Yulin 2022 an kama ta tare da wasu 'yan majalisa a gaban kotun ƙoli suna zanga-zangar neman haƙƙin zubar da ciki. Waɗannan ba ƙage ba ne, ita da kanta take alfahari da su. Ni ba na yanke wa imanin kowa hukunci, wannan na Allah ne. Amma ina jin tsoron mu riƙa ɗaga mutum a gaban 'ya'yanmu saboda ɗankwali, ba mu gaya musu sauran ba.

Maman Nana, Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da nauyi, kuma na karɓa. Ni ma ban yarda da waɗannan matsayi nata ba, kuma idan na kawo labarinta a aji ba na ce musu malamar addini ce. Abin da nake nuna musu shi ne yarinyar da ta fito daga tanti ta yi karatu ta tsaya a gaban manya ta yi magana ba tsoro. Sannan mu ma 'yan Najeriya akwai inda ta taɓa mu. A farkon 2020 Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama. Ɗan ƙanwata yana da mata a can, takardunsa suka tsaya cak. Ilhan tana cikin waɗanda suka tsaya a kan ƙudurin da zai ɗaure hannun shugaban ƙasa daga irin wannan haramci, ya wuce a majalisar wakilai, kafin Biden ya soke haramcin ranar da aka rantsar da shi. Wannan ba zan manta ba.

Baban Sadiq, Minneapolis:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wannan tambaya mu da ke nan muna fama da ita a kowane zaɓe, har a harabar masallaci bayan Juma'a. Akwai dattawan Somaliyawa da suka juya mata baya saboda abin da ka faɗa. A 2022 an yi mata ihu a wani babban taron waƙa na Somaliyawa a tsakiyar gari. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, Samuels shi ma yana goyon bayan haƙƙin zubar da ciki, don haka a takardar da aka miƙo mini ranar Talata babu zaɓin da ya kuɓuta daga wannan. Na biyu, mazaɓar nan fararen fata ne suka fi yawa, wajen kashi 60. Da ƙuri'ar Musulmi kaɗai ko kusa ba za ta kai ba. Masu ɗaga ta su ne 'yan ƙwadago, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ɗalibai, masu haya da ke kukan tsadar gida. Su abin da ke jan su shi ne inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa, yafe bashin karatu, ƙarin mafi ƙarancin albashi, abinci kyauta a makarantu. Wakiliyarsu ce kafin ta zama tamu, kuma da ra'ayinsu take tafiya.

Ɗan Damagaram:
To a cikin waɗannan alkawura wanne ta cika? Domin mu a nan an saba, ɗan takara ya faɗi goma ya yi rabin ɗaya.

Ƙaramin Lauya:
Inshorar lafiya ga kowa ba ta ko kai ga ƙuri'a ba. Ƙudurinta na kafa ofishin yaƙi da ƙyamar Musulunci a ma'aikatar harkokin waje ya wuce majalisar wakilai a Disamba 2021 da ƙuri'a 219 da 212, ya je majalisar dattawa ya kwanta. Wanda ya zama doka shi ne na ciyar da ɗalibai lokacin korona a 2020, wanda aka shigar cikin babbar dokar agaji, ya ba makarantu damar ci gaba da raba abinci duk da an rufe su. Abinci kyauta ga duk ɗalibin Minnesota kuwa gwamna Tim Walz ne ya sa wa hannu a 2023, dokar jiha ce, ko da yake ta daɗe tana kiran a yi haka a ƙasa baki ɗaya.

Kuma a Fabrairun 2023 'yan Rifablikan sun cire ta daga kwamitin harkokin waje da ƙuri'a 218 da 211, suna kafa hujja da kalamanta a kan Isra'ila, musamman rubutun 2019 da ta danganta goyon bayan Isra'ila da kuɗi, wanda ta nemi afuwa a kansa a lokacin. Wannan kwamiti shi ne inda take da bakin magana a kan Afirka. Samuels yana cewa ga sakamakon yawan rigima, ita kuma tana cewa ga farashin faɗin gaskiya.

Malam na Tudun Wada:
Akwai kuma maganar da na taɓa ji, cewa kuɗin kamfe ɗinta kamfanin mijinta ake ba. Gaskiya ne ko sharri?

Baban Sadiq, Minneapolis:
Biyan ya faru Malam. A zagayen 2020 ofishin kamfe ɗinta ya biya kamfanin da mijinta ke da hannun jari a ciki kusan dala miliyan 3, ta ce yawancinsa kuɗin talla ne da ke wucewa ta hannunsu zuwa gidajen talabijin da masu buga takardu. An kai ƙara hukumar zaɓe ta tarayya, hukumar ta ce ba ta ga dalilin tuhuma ba. Ita kuma ta yanke hulɗa da kamfanin bayan zaɓen Nuwamban 2020. Doka ba ta kama ta ba, amma ni abin bai yi mini daɗi ba, kuma na san maƙwabta biyu da suka bar ta tun daga nan ba su dawo ba.

Maman Nana, Kaduna:
To kai da ka san duk wannan, me ya sa ka sake ba ta?

Baban Sadiq, Minneapolis:
Hajiya, a 2022 ban fita ba, ina cikin waɗanda suka zauna a gida, domin ina jin haushin maganar 'yan sanda. Motar haya nake ja da dare, an taɓa tsare ni da bindiga aka karɓe wayata da kuɗin da na yi, na kira aka daɗe ba a zo ba. A lokacin duk wanda ya ce a rage ɗan sanda ba na son jin sunansa. Bana abu biyu suka fito da ni. Gaza na ciki, ba zan musa ba, domin tun Oktoban bara take kiran a tsagaita wuta lokacin da 'yan majalisa ƙalilan ne ke iya buɗe baki. Na biyu kuma, na saurari Samuels da kyau, na ga a kan lafiya da albashi da gidaje bai kawo wani abu da ya sha bamban da nata sosai ba. Babbar hujjarsa ita ce tana raba kan jama'a, shi kuma zai haɗa. A 2022 yana da magana ɗaya mai zafi da kowa ke ji a jikinsa. Bana kashe-kashe sun ragu a kan na 2021, ita ma ta rage ambaton rushe rundunar, ta koma maganar kuɗin ayyuka da ta kawo wa unguwanni.

Amma kashi 43 ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da aka fi shi kuɗi ninki huɗu. Sama da mutum 50,000 sun sake fitowa sun ce ba ita ba.

'Yar Zango, Bronx:
Wasu na cewa a cikin waɗannan akwai 'yan Rifablikan da suka tsallako don su kayar da ita, tunda ka ce ba a tambayar kati.

Baban Sadiq, Minneapolis:
An yi wannan kiran a fili a shafukan sada zumunta, kuma doka ba ta hana ba. Sai dai wanda ya tsallako ya rasa damar zaɓe a fid da gwanin jam'iyyarsa, ga shi kuwa su ma suna da nasu na kujerar sanata a ranar. Ni dai waɗanda na sani da suka zaɓi Samuels 'yan Dimokurat ne na gaske, dattawan coci a arewacin gari, da masu gidaje a St. Louis Park da Golden Valley. Maƙwabcina ɗan Laberiya yana cikinsu, mun yi musu a bakin rumfa, muka dawo gida a mota ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Wa za ta kara da shi a Nuwamba?

Baban Sadiq, Minneapolis:
Mace ce ita ma, Dalia al-Aqidi, haifaffiyar Iraki, tsohuwar 'yar jarida, Musulma, kuma mai goyon bayan Isra'ila. Ita Rifablikan suka tsayar. Zaɓen ranar 5 ga Nuwamba, 2024 ne, kuma abin da zan duba a daren shi ne tazarar da ke tsakanin ƙuri'un Ilhan da na Kamala Harris, 'yar takarar shugaban ƙasa ta Dimokurat, a cikin mazaɓar, kamar yadda ɗana lauya ya nuna mana na 2020. In Allah ya kai mu zan kawo muku alƙaluman a nan.